Bas mai lantarki a cikin cunkoson Akra

Kusan kullum bayan sallar asuba nakan bar gida a unguwar Madina da ke Akra in nufi wurin aikina a Tudu, kuma motar da ke kai ni ita ce trotro, ƙaramar bas ɗin haya da yawancin mutanen Akra suka dogara da ita. Yaron mota yana rataye a bakin ƙofa, takardun kuɗin sidi a ninke tsakanin yatsunsa, yana kiran fasinja har muryarsa ta dushe, direba kuwa ba ya tayar da mota sai kujerar ƙarshe ta sami mai ita. Kafin mu wuce Legon hayaƙin dizal ya riga ya kama farar rigata.

Saboda haka na yi murna a ƙarshen shekarar 2024 da aka ƙaddamar da motocin bas masu aiki da lantarki a ƙarƙashin kamfanin Metro Mass Transit, musamman da na ji cewa hanyar Adenta zuwa tsakiyar Akra, wadda ke ratsa unguwarmu, tana cikin hanyoyin da aka fara da su. Amfanin irin wannan mota a bayyane yake: ba ta fitar da hayaƙi, ba ta da rurin inji, kuma da yake ba ta da yawan sassan da ke gugar juna kamar injin dizal, ba ta yawan kwana wurin makanike. Tsadarta tana wajen saye da kuma ranar da za a sauya batir. Akwai kuma batun caji, domin duk wanda ya ga shekarun dumsor, lokacin da ake ɗauke wuta bisa jadawali, dole ya tambayi yadda za a yi da mota hamsin da ke jiran caji a dare ɗaya idan wutar tashar ta ɗauke.

Sai dai abin da ya fi damuna ba wutar ba ce, hanyar ce. Bas mai lantarki da ta shiga cunkoson Shiashie da ƙarfe bakwai na safe za ta tsaya daidai inda trotro ta tsaya, bambancin kawai shi ne za ta tsaya shiru. Mun riga mun ga misali. A shekarar 2016 aka fara bas ɗin Aayalolo tsakanin Amasaman da Tudu, da manyan motoci sababbi da katin biyan kuɗi, amma ba a keɓe musu layi a ilahirin hanyar ba, don haka a wurare da dama suka riƙa cakuɗewa da sauran motoci. Mai zuwa aiki kuwa ba ya auren mota don kyanta, wadda ta fara isa gabansa ita yake shiga. Birnin Dakar na ƙasar Senegal ya bi wata hanyar daban, inda ya gina layi na musamman mai tsawon kimanin kilomita 18 kafin motocinsa masu lantarki su fara ɗaukar fasinja a 2024. A ganina wannan shi ne tsarin da ya dace, ko da yake ya fi tsada kuma ba ya kyau a hoton bikin ƙaddamarwa kamar jerin sababbin motoci.

Batun biyan kuɗi ta kati ko ta waya ya fi sauƙi a nan, tunda har mai sayar da waake a bakin titi tana karɓar MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya. Yana kashe rigimar canji, yana kuma toshe kafar da kuɗin mai mota ke zurarewa. Amma akwai abin da na'ura ba ta iya ba. Wata safiya wata dattijuwa ta shigo da kwandon busasshen kifi, ta lalubi bakin zanenta ta tarar kuɗinta bai cika ba, sai ta ce wa yaron motar, "Ɗana, ka yi mini haƙuri, sai gobe." Ya ce, "Ba komai, Hajiya, Allah ya ba da kasuwa." Na'urar da ke bakin ƙofa ba ta san gobe ba, kuma duk tsarin da zai rufe ƙofa ga irin wannan baiwar Allah don katinta ya ƙare, ko ya mayar da yaran mota zaman banza ba tare da an zauna da ƙungiyar direbobi ta GPRTU ba, zai gamu da turjiya.

Abin da nake fata daga fasahar zamani ƙarami ne. Ina so in duba wayata ina gida in ga cewa bas tana Adenta kuma za ta iso Madina cikin minti goma, in fito in same ta. Na'urar bin sawun mota ba sabon abu ba ce, masu tasi na manhaja sun daɗe suna amfani da ita a wannan gari. Gobe dai da asuba zan tsaya a bakin titi kamar kullum, in miƙa hannu ga wadda ta fara zuwa.