Asabar, kasuwar Katako

Tun da hantsi dattijon nan dillalin tsofaffin kaya ya kira ni wai in zo maza, an kawo mashi wata akwatin ƙarfe ta gado kuma akwai irin abin da nike so a ciki. Zafin Yamai ko bai hana ni ba, na tari taksi.

Cikin tarkacen maɓallai da tsofaffin agogai ya zaro ta, lambar yabo ta Palmes académiques wadda Faransa ke ba malaman lakol da masu bincike. Ƙyallen nata mai launin shunayya ne amma ya koɗe sosai. Asalin abin daga Napoleon ne a 1808, siffar lambar kuma rassa biyu ne masu ganye, masu tara lambobi da ganyen suke gane shekaru: kafin 1955 rassan biyu ba iri ɗaya ba ne, ɗaya na dabino ɗaya na wani icce daban, daga 1955 ne duka biyun suka zama dabino. Wannan tsohon samfurin ce, ke nan ta girmi ƴancin kai na 1960. Na haska da salula na jawo hoton kusa, sai ga ɗan tambarin kan gyado a jikin zoben, shedar azurfar Faris.

Na ce baba nawa? Ya ce jika talatin ɗana, azurfa ce fa, maƙera ma za su saya su narka. Na ce goma, ya ce albarka. Muka yi ta ja har aka kira azahar, a sha biyar muka daidaita.

To amma abin da ya tsaya mani a rai takardar ce. Irin wannan lamba ba a rubuta suna a jikinta, sunan mai ita da shekarar duk a takardar shaida suke, in ta ɓata shi ke nan ba ka san ko wane malamin lakol ne ya ƙare rayuwarshi da alli a wani aji a Tawa ko Damagaram ba. Magada kuwa ƙarfen suke gani, takarda sai a ba mai ƙosai. Gara Jamusawa, tasu ta kimiyya da fasaha, Pour le Mérite da aka kafa a 1842, in mutum ya rasu maida ta ake yi a rataya ma wani.

Na roƙi baba ya tambayi yaron da ya kawo akwatin ko akwai sauran takardu a gida, ya ce sai Litinin in Allah ya kai mu. Uwargida dai na ce mata jika biyar na saya.