Alama ɗaya, mako uku

Juma'ar nan zan miƙa kwamfutar ofis. A shekara huɗun da na yi a sashen kanel (wato zuciyar manhajar Linux), abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin wani direba (kod ɗin da ke haɗa kanel da na'ura) a allon kwamfuta mai firosesa nau'in ARM64, wanda yau ya wuce gobe ya faɗi, alhali a kwamfuta mai firosesa nau'in x86 lafiya lau yake.

Ni na rubuta gwajin da KUnit, kayan aikin gwada kod ɗin kanel, shi ya sa ko a mafarki ban zarge shi ba. Na ɗora laifin kan direban, wato kan wadda ta rubuta shi, yarinyar da ko wata shida ba ta yi da mu ba. A gaban kowa na ce ta koma ta duba aikinta. Mako uku tana tono, abincin rana ma a kan teburinta take ci.

Ita ta kawo maganar KASAN, kayan aikin da ke kama kod ɗin da ya taɓa memori a inda bai kamata ba. Oga ya daɗe da hana kunna shi a injin gwaji, wai yana cinye kashi ɗaya cikin takwas na memori, ga jan ƙafa. Ba ƙarya ya yi ba, amma dai. Ta kunna a nata allon, ta kira ni a hankali: "Yaya, zo ka gani." A saman rahoton an rubuta global-out-of-bounds, wato an ƙetare iyaka a memori, ƙasa kaɗan ga sunan fayil ɗina.

Jerin da gwajina ke karantawa mai gurbi takwas ne. C, harshen da muke rubuta kod da shi, daga sifili yake ƙirga, na ƙarshe shi ne lamba bakwai, ni kuwa na rubuta i <= 8, wato a ƙirga har da 8. C ba ruwansa, ya ɗebo mini duk abin da ya tarar a bayan jerin. A x86 an dace sifili ne ke kwance a wurin, a ARM64 kuwa wata ƙima ce mai canzawa. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Facin, wato gyaran kod ɗin, layi ɗaya ne: na cire alamar daidai, na sa ARRAY_SIZE, mai ƙirga girman jeri da kansa, a madadin 8. Na sa sunanta a Reported-by, layin sunan wanda ya gano matsala, na ba ta haƙuri a ɗakin da na kunyata ta.

Sauran darussan ƙanana ne. Kada ka ƙirga girman jeri da hannu. Kod ɗin gwaji ma a ba wani ya karanta.

Yanzu KASAN a kunne yake kowane dare. A rahoton ƙarshen wata, oga ya rubuta cewa bisa shawararsa aka kunna. Ku da kuka zauna a taron kun san wanda ya ce a'a.