Sana'ata ita ce auna ƙishin gona

Idan aka tambaye ni sana'ata sai in ce lissafin ruwa nake sayarwa, mutane su yi dariya. Ɗan ƙaramin ofis gare ni a Kano, ni da yara biyu da kwamfuta ɗaya, kuma yawancin masu zuwa wurinmu manoman rani ne na wajejen Kura da Kadawa. Wanda ke kan magudanar dam ɗin Tiga bai cika damuwa da mu ba. Mai jan ruwa da inji, wanda kullum sai ya sayi fetur, shi ne namu.

Abubuwa huɗu muke nema game da wurin: zafi, laimar iska, ƙarfin iska da sa'o'in hasken rana. Muna samun su daga NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ko daga CLIMWAT, wani rumbun bayanan yanayi, mu zuba a manhajar CROPWAT ta Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita za ta faɗa mana milimita nawa na ruwa rana da iska ke kwashewa daga fili mai ciyawa a kowace rana. Daga nan sai a ninka da lambar shukar, don ƙishin dashe ba ɗaya yake da na tumatir mai fure ba: na farko 0.6 ne, na biyu 1.15.

A ce lissafi ya ba da milimita 6. Tumatir mai fure zai sha 6.9 ke nan a rana, kusan 7. Milimita ɗaya a kan hekta lita 10,000 ce, wato lita 69,000 a rana. Amma a ban ruwa na kwami da lambatu, kusan kashi 40 cikin ɗari ba ya kaiwa ga saiwa, don haka sai inji ya jawo wajen lita 115,000. A nan manomi ke gyara zama.

Inda muka fi yin gardama da su shi ne lokacin hunturu. Wani dattijo ya taɓa ce min, "Yaro, ana wannan sanyi, ina shuka za ta ji ƙishi?" Na ce, "Baba, dubi leɓenka." Iskar da ta fasa masa leɓe ita ke tsotse ganyen albasarsa, ko da rana ba ta da zafi.

Ni ma na taɓa shan kunya. Na rubuta wa wani mai gona ban ruwa duk bayan kwana bakwai, ban je na ga ƙasar ba, ashe jigawa ce da ba ta riƙe ruwa. Jimillar ruwan daidai take, amma kafin kwana na huɗu shukar ta yi yaushi. Tun daga ranar ba na sa hannu a takarda sai na je na haƙa, na dunƙula ƙasar a tafin hannuna. Kuɗin motar zuwan ma a cikin kuɗin aiki nake sa shi.