Ranar da mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi

Talata, Agege. Sha ɗayan dare ta gota, Nepa sun ɗauke, janareton maƙwabci sai tari yake. Bari in rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni.

Ban san wanda ya riga tada ni ba tsakanin ladanin layinmu da wayata. Na dai buɗe ido na tarar da saƙonni jere, duk maganarsu ɗaya: ƙofar da na'urorin POS ɗinmu ke bi, wato injin da ke tantance su kafin ciniki ya wuce, ta daina karɓar amsar sabar OCSP, kwamfutar da ake tambaya ko takardar shaidar na'ura tana da rai. Sabar tana nan da ranta, kuma tana amsawa. Amsar ce ake watsar mata. Ina ganin haka gabana ya faɗi, don na san dalili tun kafin in duba. Satifiket ɗin da sabar ke sa hannu da shi, wato takardar shaidarta ta cikin kwamfuta, mai wa'adin kwana 90, ya mutu da misalin huɗun asuba. Makonni uku da suka wuce na ga tunatarwa, na ce sai Litinin. Litinin uku sun zo sun wuce.

Shekara uku ke nan ina riƙe da wannan saba. Ba ta da wani aiki a duniya sai faɗa wa wasu ko takardarsu tana da rai ko an soke ta. Yau ga tata takardar ta mutu a hannuna.

Na yi sallah, na zura riga. Maman yara ta biyo ni ƙofa da kofin shayi na ce ta ajiye. Daga gida ba na iya taɓa waɗannan injina, sai daga cikin ofis, kuma ni da kaina na tsara hakan, don haka ba ni da wanda zan zaga. Na faɗa danfo zuwa Ikeja. Muna wajen Mangoro sai ga kiran Kawu daga kasuwar Mile 12.

"Ɗana, kana ina? Wai me ya samu abin naku ne? Motoci sun sauke tun dare, matan nan sun zo sari, kwando ya faɗa, kuɗi ya ƙi faɗawa. Yaran POS uku na zagaya, biyu sun ce netwok."

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, ana kan gyara."

"To a yi da jiki. Tumatir ba ya jiran kowa."

Ban ce masa ni ne netwok ɗin ba.

Wanda bai san Mile 12 da asuba ba zai ga kamar awa biyu ba komai ba ce. Tirelolin tumatir da tattasai da albasa daga Arewa cikin dare suke isowa, kuma cinikin da ke da nauyi kafin rana ta ɗaga ake yin sa. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 mutane da yawa suka daina yawo da tsaba. Idan na'ura ta ƙi a wannan lokaci, kayan gwari ne ke zaune cikin zafi suna laushi.

Na isa ofis shida da rabi. Maigadinmu, wani dattijo Basakkwace, ya buɗe mini yana cewa, "Malam, yau ko an kore ka daga gida ne?" Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ga yadda abin yake, don wata rana idan na dawo karanta wannan. Kowace na'ura da muka ba wakili tana ɗauke da satifiket nata mai lamba. Idan ta zo tura ciniki, ƙofa tana duba satifiket ɗin, sannan ta tambayi sabata ko mai wannan lamba yana nan daram. Amsa uku kaɗai sabar ta iya: lafiya, an soke, ko ban san shi ba. Kowace amsa tana da lokacin da aka ba da ita da lokacin da za ta lalace, kuma tana da sa hannu. Tun 1999 aka rubuta wannan ƙa'ida, aka sabunta ta a 2013. Shi kuwa satifiket ɗin sa hannun, an yi masa alamar cewa kada a tsaya binciken ko an soke shi, don in ba haka ba tambaya za ta yi ta haifar tambaya ba iyaka. Madadin haka sai a gajarta masa rai. Gajartar ran nan ita ta kama ni yau. Sabar tana cewa "lafiya", ƙofa tana cewa wa ya ba ka ikon magana.

Sabunta shi bai fi aikin minti goma ba, amma irin wannan satifiket ba ya fita sai an saka katin mutum biyu. Ɗaya nawa, ɗaya na Hajiya, shugabar sashen tsaro. Hajiya kuwa a Ajah take. Na kira ta, ta ce ta fito tun biyar da rabi, amma har yanzu ba ta bar Lekki ba, ga gadar Third Mainland a gaba. Kilomita kusan 12 a kan ruwa, babu inda za ka kauce. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ka ga tunatarwar kuwa?" Na ce na gani. Ta yi shiru. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bakwai saura Oga ya shigo, waya biyu a hannu, duk suna ƙara. Shawararsa gajera ce, kuma ba ta wauta ba ce. A cikin saitin ƙofa akwai layi ɗaya: idan amsar OCSP ba ta samu ba, a tare ko a bari a wuce? Namu yana kan "a tare". Ya ce in juya shi zuwa "a wuce", cikin minti ɗaya kowa ya ci gaba da ciniki, idan Hajiya ta iso a mayar. Har ya kawo hujja: ai yawancin burauza na duniya, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, haka suka yi shekara da shekaru.

Gaskiya ya faɗa. Burauza ba za ta iya hana mutum shiga shafi don wata saba a wata nahiya ta yi jinkiri ba, don haka sai ta yi kamar ba ta tambaya ba. To amma nan ne gizo ke saƙar. Ɓarawon da zai iya shiga tsakaninka da shafin, zai iya toshe tambayar ma. Binciken yana aiki kullum, ban da ranar da ake bukatarsa. Shi ya sa tun 2012 Chrome ta daina wannan tambaya ga yawancin shafuka, ta koma tura wa burauza nata jerin sokakkun. Ɗaya gefen ma an ɗanɗana shi: a Nuwamban 2020 sabar Apple ta yi nauyi, masu Mac a faɗin duniya suka ga manhajoji sun ƙi buɗewa da wuri, alhali kwamfutocinsu lafiya lau. Ka tare, ka tsayar da masu gaskiya. Ka sake, ka buɗe wa ɓarawo. Duk wanda ya ce maka akwai zaɓin da ba shi da ciwo bai taɓa kwana da wannan saba ba.

Abin da ya hana ni bin Oga ba ilimi ba ne, jiya ce. Jiya da la'asar aka fizge wa wata wakiliyarmu na'ura a tasha, ni na soke satifiket ɗinta da hannuna. Na'urar tana hannun wani yanzu haka. A takarda satifiket ɗin yana da sauran watanni, sa hannunsa daidai, komai nasa tsaf. Abu ɗaya tak ya raba shi da na mutanen kirki, wato kalmar "an soke" da ke cikin sabata. Idan na juya layin nan, kalmar ta ɓace.

Na ce wa Oga ya ba ni minti arba'in. Akwai tsohuwar hanya, CRL, jerin lambobin da aka soke gaba ɗaya, wanda injin ke fitarwa da sa hannun uwar satifiket, wadda ke sa wa sauran hannu, kowane sha biyun dare. Sa hannunsa bai shafi wanda ya mutu ba. Na duba jerin daren jiya, na ga lambar na'urar da aka sace a ciki, na ji kamar an sauke mini dutse. Na gwada a ƙofar gwaji da satifiket mai rai, ya wuce. Na gwada da sokakke, aka tare shi. Oga yana tsaye a kaina yana kallon agogo, numfashinsa a ƙeyata. Bakwai da rabi da 'yan mintuna na juya ƙofar gaske. Jan layukan da suka cika allo suka fara komawa kore ɗaya bayan ɗaya.

Amma jeri jeri ne. Labarin sha biyun dare yake ba ka, ko da ƙarfe tara ka tambaye shi. Kuma kamar da gangan, wajen tara aka kira cewa a soke wata na'ura da wakili ya gudu da ita. Na soke, na fitar da sabon jeri da hannu, na tura wa ƙofa, na tsaya har na ga ta ɗauka. Da sabar tana aiki, ba sai na yi wannan zirga-zirga ba.

Sha ɗaya saura Hajiya ta shigo, takalmi a hannu, ta ce ƙafarta ta kumbura da taka birki. Muka shiga ɗakin injina, sanyinsa kamar hunturun Jos. Ta saka kati, na saka nawa, kowa ya juya baya ɗan'uwansa ya buga lambar sirri. Minti takwas. Kafin mu mayar da ƙofa kan OCSP ta sa na yi gwajin da take yi kullum: in ƙirƙiri lambar da ba mu taɓa bayarwa ba in tambayi sabar. Sabar ta ce ban san shi ba, kuma ƙofa ta tare. Hajiya ba ta wasa da wannan saboda abin da ya faru da DigiNotar, kamfanin bayar da satifiket na ƙasar Holan, a 2011. An kutsa musu aka buga satifiket na jabu har da sunan Google, aka yi amfani da su a kan mutanen Iran, kuma a lokacin saba irin wannan takan ce "lafiya" ga duk lambar da ba ta cikin jerin sokakku, ko da ba a san inda ta fito ba. Kamfanin bai kai ƙarshen shekarar ba.

Da azahar na rubuta rahoto. A gurbin dalili na rubuta cewa na ga tunatarwa na ɗaga. Na goge, na sa wata doguwar jimla mai kama da laifin tsari, na karanta, na ji kunya, na mayar da ta farko.

Wajen mai shayin bakin titi, yaron da ke koyon aiki a ƙarƙashina ya tambaye ni me ya sa muke wahala da abin da duniya ke bari. Yana da gaskiyarsa. Let's Encrypt, wadda ke raba satifiket kyauta ga miliyoyin shafuka, ta kashe sabobinta na OCSP a Agustan 2025 ta tsaya kan CRL. Babban dalilinsu sirri ne: duk tambayar da burauzarka ta aika tana gaya wa mai sabar wane shafi kake shiga, daga wane adireshi. Kuma an riga an amince a riƙa gajarta ran satifiket na shafukan intanet daki-daki har ya sauko kwana 47 a 2029, ta yadda wanda aka sace zai mutu da kansa ba da jimawa ba. Na ce masa namu daban ne. Mai tambaya namu ne, mai amsa namu ne, ba sirrin kowa da ke fita waje. Kuma na'urar da ke hannun mai POS a ƙarƙashin lema a Oshodi, wadda kan kwana biyu a kashe, ba ka da tabbacin sabunta mata takarda kowane mako. Ya ce to me ya sa satifiket ɗin sabar ba ya sabunta kansa? Na ce saboda katin mutum biyu. Ya ce to me ya sa tunatarwar take zuwa wa mutum ɗaya? Nan na ce ya sha shayinsa.

Bayan magariba na biya gidan Kawu. Ya ce kwando bakwai ya karyar da farashinsu kafin na'urori su dawo. Ya nemi in faɗa masa ainihin abin da ya lalace, ban da kalmar netwok. Na ce, Kawu, ka ɗauka ka ba yaronka takarda da sa hannunka yana karɓar maka kaya bashi, sai ka sallame shi amma takardar tana aljihunsa. Mai hankali kafin ya ba shi kaya zai kira ka ya ce har yanzu yaronka ne? To injin da nake kula da shi shi ne mai ɗaukar wannan waya.

Ya ce, "To yau wayar ce ta mutu?"

Na ce a'a, an ɗauka, an kuma amsa. Masu kira ne suka ce ba su yarda muryar maigida ba ce.

Ya jinjina kai, ya ce to ai sun kyauta, shi ma da haka zai yi. Sannan ya ce, "Shi wanda ya bar abin ya kai haka fa, an gano shi?"

Na ce an gano shi, Kawu.

"Allah ya shirye shi."

Na ce amin. Ya sa aka ɗaura mini tumatir a leda, cikin waɗanda suka yi laushi, ya ce a kai wa maman yara ta yi miya yau kada su kwana.

Sabon satifiket zai mutu nan da kwana 90. Na sa tunatarwa a kwana na 60 a wayata, da ta Hajiya, da ta yaron nan. Maman yara ta ji ina lissafi da ƙarfi ta ce in sa a tata ma, ita ba ta san wata Litinin ba.