Talata a sito: kwano, danshi da kuɗin 'yan dako

Saminaka, tsakiyar kaka. Hazo ya fara sauka, masara na ta shigowa daga ƙauyukan Lere.

Karatun addu'ar safe na yau daga Littafi Mai Tsarki ne, Maimaitawar Shari'a sura 25, aya 13 zuwa 15, inda aka hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Ga ɗan kasuwar hatsi wannan ba ya buƙatar dogon wa'azi, domin kowa ya san yadda ake yi. Kwanon saye mai zurfi ne, bakinsa a buɗe. Kwanon sayarwa kuwa an ɗan bubbuga gindinsa ya shige ciki. Wani kuma kwano ɗaya gare shi, amma in zai saya sai ya tare tozon da hannu, in zai sayar sai ya bari ya zube. Lissafin bai da wuya: idan kwano ya rage kashi 1 cikin 20, a buhu mai tiya 40 an ci tiya 2 ke nan. Mai saye ba zai gane ba sai ranar da garin ya ƙare kafin lokacinsa. Dokar sitonmu ita ce kwano ɗaya, an yi masa alamar fenti, da shi ake karɓa da shi ake bayarwa, kuma mai kaya na da ikon ya auna da hannunsa.

Da hantsi wani dattijo ya kawo masara buhu 6. Ido ba ya nuna danshi. Aka soka ƙarfen ɗiba a sama, a tsakiya da ƙasan kowane buhu, domin mai algus a tsakiya yake ɓoye ruɓaɓɓiya da totuwa. Kayan Baba tsaf suke, sai dai ƙwayar ba ta yi ƙaras a haƙori ba. Aka yi gwajin gishiri: busasshiyar kwalba, a zuba masara ta kai kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu ko uku na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye kamar minti 15, a sake girgizawa. Gishirin ya manne a jikin kwalbar, alamar danshin ya haura kashi 15 cikin 100. Masarar ajiya kuwa kada ta wuce 13.

A nan ne ake gane ko karatun safe ya shiga. Hanya mai sauƙi ita ce a yi shiru, a karya masa farashi da sunan kasuwa ta faɗi, gobe a tura wa wani ita a jiƙe. Yaron sito ya nuna masa kwalbar ya ce, "Baba, duba da idonka, ba ta gama bushewa ba. Ko ka shanya a tamfol ɗinmu a auna jibi, ko mu cire na ruwa yanzu." Na ruwan ma da lissafi ake cirewa. Masara mai danshi 18 idan ta sauka zuwa 13, buhu mai kilo 100 yana komawa kusan 94. Baba ya zaɓi shanya. Ɗanyar masara in aka ɗaure ta a buhu sai ta yi zafi, ta yi fumfuna, fumfunar kuma na iya haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Wanda zai ci tuwon bai san sunan wanda ya sayar ba, amma maƙwabci ne duk da haka.

Alhaji na shagon gefe yana kallo, ya ce su ma suna da sura guda a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu. Mun daɗe muna aron ma'auni a tsakaninmu ba tare da wani ya sake dubawa ba.

Bayan azahar aikin wake ne, kuma nan jarabar ta fi ƙarfi. Ƙwaro na iya mayar da buhu gari cikin 'yan watanni, shi ya sa wasu ke yayyafa fiya-fiya ko Sniper kai tsaye a kan waken. Maganin feshi ne, ba a yi shi don abinci ba. Sinadarin da ke cikinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, alhali mu nan muna ci. Mu buhun PICS muke amfani da shi, mai rufi uku (leda biyu da buhun waje) da ke hana iska shiga, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru. Kafin a zuba komai, a buɗe kowace leda ta cika da iska, a riƙe bakinta a matsa, in tana huci a ajiye ta gefe. A sa leda cikin leda, a sa su cikin buhun waje, a zuba wake kaɗan kaɗan ana jijjigawa. A bar kamar taƙi guda a sama, a matse iska, a murɗa bakin leda ta ciki, a lanƙwasa, a ɗaure. Ta biyu ma haka, buhun waje ma haka, kowanne da igiyarsa. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Abin da ke ɓata aikin guda uku ne: ɗaure ledojin a haɗe, tsinken kara da ya huda leda, da ɓera. Don haka a jera a kan katako, nesa da bango, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Kuɗinsa ya fi na kwalbar magani, gaskiya ne, amma in ba a huda shi ba yana yin kaka fiye da ɗaya.

Ƙarfe biyar aka sallami 'yan dako. Littafin Firistoci 19:13 ya hana kuɗin ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki, Yakubu 5:4 kuma ya ce hakkin da aka danne yana kuka. A aikace ma'anarsa a yanka kuɗin kowane buhu tun kafin a ɗaga na farko, a rubuta suna da adadi a littafi, a kuma tanadi canji tun safe. "Ku dawo gobe, babu canji" ita ce hanyar da aka fi cinye musu kuɗi.

Da dare a zumuntar maza gardama ta tashi kan ajiya. Wani ya kawo Karin Magana 11:26, cewa mai ɓoye hatsi mutane za su la'ance shi. Wani ya ce ai Yusufu ma ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar shekara bakwai. Dattijon ikilisiya ya tambaye shi, "Ɗan'uwa, da yunwa ta zo, Yusufu rufe rumbu ya yi ko buɗewa?" A ganina ajiya sana'a ce ta halal, domin in ba wanda ya ajiye a Nuwamba, ba abin da za a ci a Yuli, kuma mai ajiya yana biyan haya, buhu, gadi da asarar nauyi. Laifin yana farawa ne ranar da 'yan kasuwa suka haɗa baki suka kulle sito don farashi ya ƙara hawa. Ba a kai ga matsaya ɗaya ba. Mu dai shawarar da muka tsayar ita ce kowa ya lissafa kuɗin saye da na ajiya, ya rubuta ribar da yake nema tun yanzu, in farashi ya kai nan ya fara fitarwa, ya kuma ware buhunan da za a sayar tiya tiya ga masu ƙaramin ƙarfi a watan Agusta. Ma'aji zai kawo littafin da za a rubuta ranar Lahadi bayan sujada.