Halalar Baba da lemon tsami

Shekara goma sha ɗaya ina saro atamfa da leshi, daga Agege zuwa kasuwar Dantokpa ta Kwatano, wani zubin Lome, wani zubin Akra, sau biyu na leƙa Dubai. Duk dawowa sai na zazzage jaka na tarar da ragowar sulalla. 'Yan canji ba sa karɓar ƙarfe, takarda kawai suke so, sai na riƙa zuba su a gwangwanin madara. Sefa ta fi yawa (a lissafin can, sefa biyar ce dala ɗaya): 'yan dala biyar, dala ashirin, da dala ɗari mai launi biyu, wato sefa 500. Akwai fesuwar Gana irin wadda aka fitar a 2007, akwai dirhami mai hoton butar gahawa, da yuwan ɗaya na Sin mai fure wanda wata abokiyar sana'a ta ba ni. A cikinsu kuma akwai guda ɗaya da ba ni na kawo ta ba: halala 50 ta Saudiyya, mai dabino da takubba biyu, wadda muka tsinta a aljihun jakar aikin Hajjin Baba bayan rasuwarsa.

Autata ce ta kawo shawarar a jera su a firam a rataye a falo. Na ce to, amma ai ba a rataye abu da dauɗa. Nan na yi wautar da har yau take cina a rai.

Na matse lemon tsami shida a roba, na watsa gishiri, na juye gwangwanin gaba ɗaya a ciki, kamar yadda nake yi wa tukunyar tagulla. Na ce bari su jiƙa na minti goma. Aka kira ni shago, daga can aka yi baƙi, ban tuna da robar nan ba sai bayan sallar asuba. Ruwan ya koma shuɗi-shuɗi. Sulallan da suke farare sun yi wani ja-ja kamar an shafa musu jan baki, masu ruwan zinare sun dusashe. Halalar Baba ta yi dabbare-dabbare. Maimakon na tsaya a nan, sai tsoro ya sa na ɗauko soson ƙarfe na hau dirzar ta. Na dirji gefen dabinon sosai kafin autata ta riƙe min hannu ta ce, "Umma, ƙarce ta kike yi fa!" Na kai ta bakin taga na duba. Ganyen dabinon duk ya sha zane, siraran layuka kamar an ja allura, kuma duhun nan da ya kwanta a tsakanin rubutun Larabcin, wanda shi ke fito da haruffan, ya tafi.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Tsami da gishiri suna narkar da tagullar da ke jikin sulalla, ta shiga ruwan, sannan ta bi ta manne wa na kusa da ita. Shi ya sa haɗa su a roba guda ya fi komai ɓarna. Kuma baƙin da nake kira dauɗa, shekaru ne suka yi shi, ba a sayo shi a kasuwa, idan ya tafi ya tafi.

Ban gama jin wannan ba, bayan sati biyu sai ga tsatsa a gefen wasu fesuwa da yuwan ɗin nan. Sulallan zamani da yawa baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafe a sama. Tsamin ya ci shafen, danshin Legas ya ƙarasa aikin, ga shi lokacin damina ne, ko takalmi ka ajiye a lungu sai ya yi furfura. Yanzu kafin na taɓa kowace sai na kanga mata maganaɗisu. Wadda ta manne, ba na barin ta daɗe a ruwa ko kaɗan. Wanki kuwa ruwan ɗumi ne da ɗan sabulu, da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, a tsane da tsumma mai laushi, a bar su kwana guda a kan tawul. Shi ke nan. Da haka na yi tun farko da ban zauna ina wannan rubutu ba.

Jerin kansa bai ba ni wahala ba. Na samo kwali mai kauri, na ɗora kowace sulalla na zagaye ta da fensir, na yanke gurbin da reza ya ɗan matse, na lulluɓe kwalin da baƙin karan-miski, na danna su ciki. Babu gam, don haka duk ranar da na so zan iya cirewa na juya. Kowace ƙasa da layinta, a ƙasan layin 'yar takarda mai sunan gari da shekarar tafiya. A bayan firam ɗin na cusa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, guda huɗu. Sefar da ta yi yawa kuwa, wadda ba ni da wani labari a kanta, ita na manna da gam a kan faifai, zagaye-zagaye daga tsakiya zuwa baki, na rataye a ƙofar kicin. Baƙi sun fi yaba faifan ma. Ragowar suna cikin kwalbar zuma a kan talabijin.

Mai firam ɗin, wani dattijo Bayarabe, ya juya halalar a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Alhaja, wa ya yi mata haka?" Na ce ni ce. Bai ƙara ba, sai ya ba ni shawarar a kifa gefen da ya ƙarce, a nuna gefen lamba da shekarar Hijira, wanda soson bai taɓa ba. Haka aka yi, ita ce a tsakiya.

Da Yaya ya zo daga Kano da ƙaramar salla, ya tsaya gaban firam ɗin ya gane ta nan take. Ya ce na ciro masa ya ga dabinon, wai yana tuna Baba yana nuna musu shi suna yara. Na buɗe bayan firam ɗin hannuna na rawa na miƙa masa. Ya juya, ya yi shiru, ya shafa wurin da babban yatsa, sannan ya ce, "Mayar da ita yadda take."