Layukan da Na Goge Ranar da Na Kwashe Access Zuwa SQL Server

Ƙannena masu shigowa sana'ar kula da bayanai a kwamfuta, aikin kwashe rumbun bayanai daga manhajar Microsoft Access zuwa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe bayanai ga sauran kwamfutoci, zai same ku ko ba daɗe ko ba jima. Ni ya same ni ne a wani shagon sarin magunguna a Kano. Kwamfutoci shida ke jan fayil ɗaya ta waya, fayil ɗin ya kusa cika gigabait 2, wanda shi ne iyakar Access, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta rasit sai ya lalace. Alhaji mai shagon ya gaji, ya ce in san yadda zan yi. Na saka SQL Server Express, manhajar rumbun bayanai ta sabar, wanda kyauta ne kuma a lokacin yana ɗaukar gigabait 10, na sauko da SSMA, manhajar da Microsoft ta tanada don irin wannan ƙaura tunda ta cire tsohon mataimakin ƙaurar daga Access 2013.

Daren Juma'a na fara. Tebura duk suka wuce sai na bashi, wanda ya ƙi karɓar wasu layuka. Ƙarfe ɗaya ya gota, barci nake ji, burina kawai in ga jan rubutun kuskuren nan ya ɓace. Na nemo layukan da ke kawo cikas, na goge su daga kwafin da nake aiki da shi, na sake gwadawa, komai ya shige. Na tafi gida ina jin kaina gwani.

Sai ƙarshen wata da akawu ya haɗa lissafi ya ga jimillar bashin da ake bin 'yan kemis ta ragu ba tare da kowa ya biya ba. Layukan da na goge basussuka ne na gaske. Laifinsu ɗaya, kwanan wata. Yaron da ke shigar da bayanai yakan yi sauri ya buga 219 maimakon 2019, Access kuwa ya karɓa ba musu, domin shi yana amincewa da kowace shekara daga 100 zuwa 9999. Nau'in datetime, wato gurbin kwanan wata na SQL Server, kuwa daga 1 ga Janairun 1753 yake farawa. Dalilin ma abin dariya ne: a 1752 Ingila ta koma sabuwar kalandar Miladiyya, ta tsallake kwana 11 a watan Satumba, masu ƙirar farko suka ga gara su fara ƙirga daga shekarar da ta biyo baya su huta. Ga ni nan a Kano ina shan faɗan Alhaji saboda kalandar Turawa.

Akwai nau'in datetime2, wanda ya zo da SQL Server 2008 kuma yake karɓar tsofaffin shekaru, amma da na yi amfani da shi da na kwashe shara ne zuwa sabon gida. Abin da ya kamata shi ne tun kafin ƙaura in nemo duk kwanan watan da ya gaza shekarar da aka buɗe shagon, in buga su a takarda, in zauna da akawu mu gyara ɗaya bayan ɗaya da littafin rasit. Allah Ya taimake ni tsohon fayil na nan a filashi. Kar ku taɓa share shi, ko da wata shida sun wuce.

Matsala ta biyu ita ta fi cin raina. Fuskokin shigar da bayanai na bar su a Access, na haɗa su da teburan sabar ta ODBC, hanyar da manhajoji ke bi su yi magana da rumbun bayanai. Mai karɓar kuɗi za ta gyara rasit sai saƙon Write Conflict ya fito, wai wani ya riga ta canja layin, alhali ita kaɗai ce a shagon. Kwana biyu ina zargin waya da na'urar rarraba sadarwa. Ashe gurbin eh ko a'a ne. A Access wannan gurbi ba ya zama fanko, a SQL Server kuwa takwaransa, nau'in bit, yana iya zama NULL, wato fanko. Idan Access zai adana gyara, yakan kwatanta kowane gurbi da abin da ya karanto don ya tabbata ba a taɓa layin ba. Ya karanta fankon a matsayin sifili, ya koma bai tarar da sifili ba, sai ya ɗauka wani ya shiga gabansa. Maganin bai ci minti goma ba: na cike fankunan da 0, na hana gurbin zama fanko, na ƙara gurbin rowversion, lambar da ke canjawa da kanta duk lokacin da aka gyara layi, a kowane tebur, sannan na sabunta haɗin teburan. Wannan na ƙarshe kar ku manta da shi, domin Access ba ya sanin an canja tsarin tebur sai an sake haɗa shi. Tebur marar mabuɗin asali, wato gurbin da ke bambanta kowane layi da sauran, kuma zai buɗe muku ne don kallo kawai, ba gyara.

Waɗannan duk sun yi ihu, shi ya sa na same su. Waɗanda suka yi shiru su ne suka ba ni tsoro daga baya. Don in rage nauyi, na canja guraben rubutu daga nau'in nvarchar zuwa nau'in varchar, tunda na ji na farkon yana cin bait biyu a kowane harafi. Ba a nuna mini jan rubutu ko ɗaya ba. Sai da aka buga wa wani mai saye daga Ɗambatta takarda muka ga alamar tambaya ta zauna inda Ɗ take. Duk ƙ, ɗ da ɓ da ke cikin sunaye da adireshi sun tafi, kuma ba sa dawowa sai an sake ɗebo su daga tushe. Wanda ke aiki da bayanan Hausa ya riƙe nvarchar, kuma idan zai rubuta kalma a cikin umarnin SQL ya sa N a gabanta.

Ɗayan kuma shi ne rahoton magungunan da aka janye daga kasuwa. Na mayar da tambayarsa can kan sabar don ta yi sauri, na kwafe sharaɗin yadda yake. A Access eh tana daidai da -1, a SQL Server kuwa 1 ce. Rahoton ya riƙa fitowa fayau, kowa na murna babu abin janyewa. Mai kula da sito ne ya ce shi fa ya san akwai katan uku a kusurwa da ya yi wa alama da hannunsa. Irin wannan bambanci na da yawa: alamar tauraro (*) ta neman kalma ta koma %, alamar # ta kwanan wata ba ta aiki, umarnin Nz mai cike fanko babu shi.

Yanzu kafin in taɓa komai nakan rubuta a takarda adadin layukan kowane tebur, jimillar kowane gurbin kuɗi, da kwanan wata mafi tsufa da mafi sabo. Bayan ƙaura in sake ɗebo su daga sabar in jera gefe da gefe. Sannan in buga rahotanni biyar da aka fi amfani da su daga tsohon da sabon, in miƙa wa akawu da mai sito, in koma gefe in sha shayi har su gama dubawa.